Ya ƙare, amma bar mini lambarka

Ana saura kwana goma sha biyu ƙaramar sallar 2023, ɗan ƙanwata ya same ni a gida bayan asham, ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Kawu, kuɗin sun cika." Shekara biyu ke nan yana zubi wajen mai susu. Yana da ɗan shagon kwantena a unguwar Aboabo da ke nan Kumasi, ƙasar Ghana, talabijin biyu, benci uku, da tsofaffin na'urorin wasan bidiyo na PlayStation 4 guda biyu da ya saya na hannu. Samari suna biya su buga ƙwallo, wadda har gobe FIFA suke ce mata, kuma da wannan ɗan cinikin yake biyan kuɗin wuta, yake taimaka wa uwarsa da cefane. Burinsa ya sayi PlayStation 5 kafin sallah, domin a kwana ukun nan ne yara ke yawo da kuɗin barka da sallah a aljihu, kuma shagon da ke da sabuwar na'ura shi ke cika.

Ni na hana shi zuwa wajen masu sayarwa a bakin hanya. Na ce, "Ɗana, kuɗin shekara biyu ba a miƙa su a tsaye. Mu je babban kanti, inda za a ba ka rasit, in abu ya lalace kana da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa." Washegari muka tafi. Kantin, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya ajiye farin kwalin na'urar a cikin gilashi, fitila na haska shi. Muka nuna. Yaron da ke tsaye wurin ya ce ya ƙare, wannan kwalin na nuni ne, babu komai a ciki. Yaushe za a kawo? Bai sani ba. Guda nawa ake kawowa? Bai sani ba. Za a iya rubuta sunanmu mu bar kafin alƙalami? Ba a yin haka. Muna juyawa za mu fita sai ya biyo mu, ya rage murya ya ce, "Alhaji, bar mini lambarka, akwai wanda na sani." Kafin la'asar aka kira mu, da farashin da ya ɗara wanda ke manne a jikin gilashin nesa ba kusa ba.

Ba ni da shaidar cewa na'urar da aka yi mana tayi daga siton kantin ta fito, kuma ba zan ɗora wa yaron abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne kantin da ke jawo mutane da kwalin da babu komai a ciki, ba ya faɗin rana, ba ya faɗin adadi, ba ya riƙe layi. Duk inda aka bar ciniki a duhu irin wannan, wani zai tsaya a bakin ƙofa yana karɓar lamba. Tun daga ranar nake bibiyar yadda manyan kantuna ke samun waɗannan na'urori da yadda suke sayar da su, a ƙasashen da ake ƙera su da nan gida. Ra'ayin da na tsaya a kai shi ne wannan: ƙarancin kaya ba kullum laifin kanti ba ne, amma yadda za a raba ɗan abin da ya samu aikinsa ne, kuma ya kamata mu tambaye shi a kai.

Sai an fahimci yadda kayan ke zuwa tukuna. Babban kanti ba ya cewa a ba shi dubu goma a ba shi. Kamfanin da ya ƙera, Sony ko Microsoft ko Nintendo, shi ke yanke wa kowace ƙasa kasonta, sannan a yanke wa kowane kanti nasa, kanti kuma ya rarraba wa rassansa. Ribar da ke kan na'urar kanta ƙarama ce ƙwarai. Shi ma mai ƙerawa yakan fara sayar da ita ƙasa da abin da ya kashe, domin ya san zai mayar da kuɗinsa a faya-fayan wasa da kuɗin rajistar wata-wata. Sai a watan Agustan 2021 Sony ya sanar cewa ya daina faɗuwa a kan PlayStation 5 mai cin faifai. To in ribar kaɗan ce, me kanti yake nema? Ƙafar mai saye. Wanda ya zo don na'ura zai ƙara da hannu na biyu, da faifai, da abin sa wa kunne, wataƙila har da talabijin. Na'urar ita ce tsabar da ake watsa wa kaji, kuma wannan ne ya sa kwalin yake zaune a gilashi ko da sito ya bushe.

PlayStation 5 ta fito ranar 12 ga Nuwamban 2020 a Amurka da Japan da wasu ƙasashe kaɗan, sauran duniya kuma ranar 19 ga wata. Mai cin faifai dala 499.99, marar faifai dala 399.99. Na'urorin Microsoft, Xbox Series X da Series S, sun riga ta da kwana biyu. Lokacin annobar korona ce, mutane na kulle a gida, kowa na neman abin ɗebe kewa, ga kuma ƙarancin ƙananan ƙwayoyin lantarkin nan da ake sa wa waya da mota da kwamfuta, wanda ya sa har masana'antun motoci suka riƙa tsayar da aiki. Wannan ɓangaren babu wanda zai ɗora wa kanti. Amma tun kafin ranar fitowa aka fara ganin hali. A tsakiyar Satumban shekarar Sony ya ce washegari za a buɗe karɓar oda, sai wasu manyan kantunan Amurka suka buɗe a daren nan ba sanarwa, kayan suka ƙare mutane na barci ko suna wurin aiki. Bayan 'yan kwanaki Sony ya fito ya ba da haƙuri. Da ranar fitowa ta zo, aka ce saboda annoba ba za a yi layi a bakin kanti ba, ta intanet kaɗai za a sayar.

Nan ne 'yan tare suka samu fili. Akwai manhajar da ake kira bot, wadda ke zaune a shafin kanti dare da rana. Da zarar an saka kaya ta cika fom ta biya kafin ɗan Adam ya gama rubuta sunansa. Mutum ɗaya ya kwashi goma ko ashirin, ya juya ya saka a eBay, kasuwar intanet, a ninkin kuɗi. A Amurka akwai dokar 2016 da ta hana amfani da irin wannan manhaja, amma tikitin kallon wasanni da bukukuwa kaɗai ta shafa. A Ingila wasu 'yan majalisa sun tayar da maganar a ƙarshen 2020, ba ta zama doka ba. A Tokiyo, cikin Janairun 2021, wani reshen kantin Yodobashi Camera da ke Akihabara ya yi ƙoƙarin sayar da kaɗan a hannu, jama'a suka yi cincirindo har aka kira 'yan sanda aka fasa cinikin.

Abin da ya fi ba ni haushi ba ma 'yan taren ba ne, domin su ba su yi wa kowa alkawari ba. Kantunan ne da kansu suka gane cewa ƙishirwar mutane haja ce. A Amurka, kantin Walmart ya riƙa buɗe wasu zubin na'urar ga masu biyan kuɗin rajistarsa ta Walmart+ kafin kowa. Best Buy ya yi irin haka da tasa rajistar, wadda a lokacin ta kai kusan dala 200 a shekara. GameStop ya yi suna wajen haɗa na'urar da faya-fayai da ƙarin hannu da katin kuɗi, a ce ko ka ɗauka duka ko ka bari. Ka biya don a ba ka damar saye, sannan ka sayi abin da ba ka nema ba. Mutumin Kumasi bai buƙatar a fassara masa wannan. Iyayenmu sun ba mu labarin shekarun 1970, lokacin da in kana son madara ko sukari ko sabulu sai kana da takarda daga wani babba, ko kuma a haɗa maka da kayan da suka yi kwantai. Kalabule ake kiransa. Sunan ya tsufa, halin ne ya sa kwat ya koma intanet.

Mu Hausawan zango muna da ma'auni na kanmu a kan wannan, ba sai mun aro ba. Kakanninmu fatake ne. Da jakuna suka taho daga Kano da Katsina har Salaga neman goro, daga baya suka gangaro Kumasi, kuma a nan suka kafa tsarin mai gida da dillali: baƙo ya sauka a gidanka, ka adana masa kaya, ka nemo masa mai saye, ka tsaya masa a kan bashi, ka karɓi la'adarka a fili kowa na gani. Ba wanda ya taɓa cewa riba haramun ce. Abin da aka hana, kuma malamanmu na karantar da shi a zaure, shi ne a fita bayan gari a tare ayari a saye kayan kafin su iso kasuwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wannan, kamar yadda ya yi hani ga ɓoye kaya don a jira su yi tsada. Malamai sun yi saɓani ko hanin ɓoyewa ya tsaya a kan abinci ne ko ya haɗa duk abin da ɓoye shi ke cutar da jama'a, kuma ni ba malami ba ne da zan yanke. Sai dai siffar ba ta ɓuya. Manhajar da ke kwashe kaya a daƙiƙa ɗaya tare ayari ce. Ma'aikacin da ke kiran abokinsa tun mota ba ta gama sauke kwalaye ba, shi ma tare ayari yake.

Wannan ma'aunin ne ya sa ba na haɗa kowa a kwando ɗaya. Saurayin da ya tara jari, ya hau jirgi zuwa Dubai, ya sayo na'ura biyar a akwati, ya biya kuɗin fito, ya kawo shagonsa a Adum ko a Circle, wannan bafatake ne. Ya kawo abin da babu, ya ɗauki kasada, ribarsa halal ɗinsa ce. Haka borga, ɗan gida mazaunin waje, da ya taho daga Jamus ko Amurka da guda ɗaya a jaka don ya rage kuɗin tikiti. Ɗan tare kuwa bai kawo komai ba. Kayan sun riga sun iso gari, ya tsaya ne kawai tsakaninsu da kai.

Yanzu ga inda lamarinmu ya bambanta da na Amurka, kuma nan ne ya fi ciwo. Su suna faɗa ne a kan yadda za a raba kasonsu. Mu ba ma cikin lissafin tun farko. Je ka buɗe asusun PlayStation, ka nemi Ghana a jerin ƙasashe, ba za ka gan ta ba. Afirka ta Kudu za ka gani. Shi ya sa duk yaron da ke da na'ura a Asawase ko Nima, a takarda mazaunin Landan ne ko Niyok, da adireshin da bai taɓa takawa ba, kuma in zai sayi wasa sai ya tura momo, wato kuɗi ta waya, ga mai sayar da katin dala ko fam ya turo masa lamba. A watan Janairun 2023 shugaban ɓangaren PlayStation na lokacin, Jim Ryan, ya tsaya a taron kayan lantarki na Las Begas ya ce an sayar da fiye da miliyan 30, kuma daga yanzu samun na'urar zai yi sauƙi. Wata uku bayan wannan maganar ne ni da ɗan ƙanwata muke tsaye gaban kwalin da babu komai a ciki.

Zan yi wa kantunan adalci, domin su ma ba a kan katifa suke ba. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi shida. Kafin ƙarshen Nuwamba ta haura sha huɗu. Na'urar dala 500 da take sidi 3,000 ta koma 7,000 tun ba a yi maganar jirgi da kwastan da haraji ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamban shekarar. Mai kantin da ya sayo da dala ya sayar da sidi, kafin ya koma sari kuɗin ba su isa su sayo abin da ya sayar ba. Wane ɗan kasuwa zai zuba jarinsa a kayan da ribarsu ƙarama ce, masu sayensu kaɗan ne, alhali firiji da fanka da shinkafa suna tafiya kullum? A ƙarshen wannan shekarar ne kantunan Game, har da wanda ke Accra Mall da na Kumasi City Mall, suka rufe, bayan uwar kamfaninsu Massmart ta Afirka ta Kudu ta nemi mai saye ba ta samu ba. Massmart ɗin nan kuwa Walmart ne ya sayi kashi 51 nata tun 2011. Ke nan mai kantin da ke zuba na'urori a Amurka yana da ƙofa a buɗe a Asokwa, inda Kumasi City Mall yake, amma igiyar ba ta taɓa kaiwa nan yadda ta kai can ba, daga ƙarshe ma aka rufe ƙofar.

Duk na yarda da wannan. Amma babu ɗaya daga ciki da ya hana kanti faɗin gaskiya. Faɗuwar sidi ba ta hana ka manna takarda a gilashi ka rubuta cewa babu, ana sa ran guda kaza ranar kaza ba. Kuɗin fito bai hana ka buɗe littafi ka rubuta sunan wanda ya fara zuwa ba. Kusan kowane baligi a ƙasar nan yana da Ghana Card, ita ake nunawa a yi rajistar layin waya, ita ake nunawa a banki. Me zai hana a ce kati ɗaya na'ura ɗaya a watan farko, a aiko wa mutum saƙo in layinsa ya zo, a ba shi kwana biyu ya zo ya biya? Kuma ma'aikatan kanti da 'yan uwansu su shiga layin nan kamar kowa. Wannan ba ya cin jari. Abin da yake ci shi ne damar da wasu ke samu a duhu.

Kada a ce ba a taɓa yi ba. Da Nintendo zai fitar da Switch 2 ranar 5 ga Yunin 2025, a shagonsa na intanet a Japan ƙuri'a ya yi, kuma ba kowa ke shiga ba: sai wanda ya buga wasa aƙalla awa 50 a tsohuwar na'urar, kuma ya yi shekara yana biyan rajista. Mutum wajen miliyan 2.2 suka nema a zagayen farko, shugaban kamfanin ya fito ya gaya wa jama'a tun da wuri cewa kayan ba za su isa ba. Ya kuma fitar da samfuri mai harshen Japananci kaɗai a kan yen 49,980, mai harsuna da yawa kuma yen 69,980, don kada a kwashe na 'yan gida a yi waje da su. Tsarin yana da nasa aibin, domin sabon shiga ba shi da rabo a ciki, kuma na san wannan katangar irinmu take tarewa. Duk da haka mutum ya san ƙa'ida tun kafin ya nema, ya san me ya sa ya samu ko ya rasa. A kwana huɗun farko an sayar da fiye da miliyan 3.5 a duniya, wato tsara layi bai rage ciniki ba.

Na san abin da wani dattijo zai ce, domin an faɗa mini a masallaci: "Malam, duk wannan dogon zance a kan abin wasan yara? Mutane na neman na koko da ƙosai." Ina girmama wannan maganar, kuma ni ma ba na son ganin yaro ya bar makarantar allo ko ta boko ya tare a shagon gem. Wannan faɗa ne na daban, kuma ina cikin masu yin sa. Ɗan ƙanwata ya san ba na yarda ya bar mai kayan makaranta ya zauna masa a benci da safe. Amma a zango wannan na'urar ba ta ɗakin ɗan mai kuɗi ba ce kaɗai. Jari ce, kamar keken ɗinki, kamar injin niƙa, kamar babur. Bi ta Aboabo, Sawaba, Sabon Zango, ko ka je Accra ka bi Nima da Mamobi da Fadama, ka ƙirga shagunan da saurayi ɗaya ke ci daga talabijin biyu. Wanda ya sayi na'ura a ninkin kuɗi, daga aljihun yaran unguwa zai fitar da bambancin. Bayan haka, kantin da ya saba wa mutane da "ya ƙare, amma bar lambarka" a kan na'urar wasa, ba zai canza hali ba ranar da abin da ya yi ƙaranci siminti ne ko tukunyar gas.

Sai dai ba ina kiran gwamnati ta yanke farashi ba ne. Mun ga inda wannan hanyar ta kai mu. A 1979 sojoji sun rushe kasuwar Makola ta Accra da sunan yaƙi da kalabule, an ci mutuncin mata 'yan kasuwa a bainar jama'a, kuma kayan ba su dawo kanta ba, ƙara ɓuya suka yi. Abin da nake nema a wajen hukuma ƙarami ne a kan wannan. Dokar cinikin kaya da muke da ita ta 1962 ce, tun ba a san za a yi abin da ake kira asusun intanet ba, kuma shekara da shekaru ana maganar cikakkiyar dokar kare mai saye. A tilasta wa mai sayar da kayan lantarki masu tsada ya rubuta abu uku a rasit: sabo ne ko gyararre, daga wace kasuwa aka kawo shi, kuma wa zai gyara in ya lalace, har tsawon wane lokaci.

Maganar garanti ita ce inda aka fi cutar mutanenmu, kuma ba a cika yin ta ba. Garantin Sony na shekara ɗaya ne, amma yana aiki ne a yankin da aka sayar da na'urar. Wadda aka yi wa kasuwar Japan ko Amurka, in ta mutu a Kumasi, takardar da ke cikin kwalin ba ta da amfani sai in kana da mai mayar maka da ita can. A jikin kwali akwai lamba da ta fara da CFI. In lambobi biyun ƙarshe 00 ne ta Japan ce, 15 ta Arewacin Amurka, 16 ta ɓangaren Turai. Mai sayarwa ya san wannan, mai saye ne bai sani ba. Ga wutarmu da ke zuwa ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga shagon kwantena da ke zafi kamar tanda, na'ura tana aiki awa goma sha biyu a yini. A irin wannan wuri "wa zai gyara" ya fi ragin sidi ɗari muhimmanci. Haka zancen faifai. A tura wa yaro marar faifai don ta fi araha, ba a gaya masa cewa kowane wasa sai ya sauke shi da data mai yawan gaske ba, kuma ba zai iya sayen faifai na hannu ko ya yi musaya da maƙwabcinsa ba. PlayStation 5 Pro da ta fito a Nuwamban 2024 a kan dala 699.99 ma ba ta zuwa da wurin sa faifai, sai ka saya daban. An ruwaito cewa Manzon Allah ya sa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Abin da nake roƙo ke nan, a sa jiƙaƙƙen a sama.

Kuma in babban kanti ba zai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ya sauke kwalin daga gilashi. Ba dole ne ya sayar da na'urar wasa ba. Amma in ya ajiye ta don ta jawo masa ƙafa, ya ci moriyar sunanta, to ya ɗauki nauyin da ke tare da ita. Abin da ya sa mutum ya bar ɗan kasuwar unguwarsa, wanda ya san gidansu, ya hau mota zuwa kanti mai sanyi, shi ne zaton cewa a can akwai tsari wanda bai dogara da wa ka sani ba. In an cire wannan, ɗan kasuwar unguwa ya fi shi, domin shi aƙalla in ya cuce ka za ka kai ƙararsa wajen mahaifinsa ko limamin masallacinsu.

Can muka koma daga ƙarshe. Ba mu kira mai lambar ba. Wani ɗan zango da ke da ɗan shago a Adum, wanda ke zuwa Dubai sari, shi ya sayar mana ana jibi sallah. Ya buɗe kwalin a gabanmu, ya nuna mana lambar, ya ce, "Baba, gaskiya wannan ta Japan ce, babu garantin kamfani. In ta yi wani abu cikin wata uku ku dawo mini da ita, bayan haka sai dai mai gyara." Na ce ya rubuta. Ya yago takarda daga littafin lissafinsa ya rubuta, ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Ɗan ƙanwata ya ƙara da abin daidaita wuta da ɗan abin da ya rage masa, muka ɗauki tasi zuwa Aboabo yana rungume da kwalin a cinya. Takardar tana nan a cikin leda, manne a bangon kwantenar, bayan talabijin.